Keken Kawu

Jiya 'yata ta kawo mini aikin makaranta, tana tambayar inda ake sa ɗan waƙafin saman nan da ke nuna mai abu a Turanci. Na kama hannunta zan gwada mata.

Haka kawuna yake yi mini a zaurensa na Yelwa idan ya taso daga koyarwa. Ba ruwansa da takarda. Sai ya buɗe tafina, ya rubuta sunana da yatsansa mai farin alli, ya ɗan tsikare ni da farce a sama, ya ƙara harafin s, sannan ya rubuta keke. Har yanzu ina jin ƙanshin goron bakinsa.

"To, keken waye?"

"Nawa ne, Kawu."

"A Turance ke nan, ɗana. A wajen Allah aro ne."

Da ya rasu aka raba kayansa, ni aka ba kekensa. Har yau bakina ya ƙi cewa nawa. Keken Kawu nake ce masa.

Kawu, ashe kai ma aronka aka ba mu. Allah Ya jiƙanka, Ya sa Aljanna ta zama taka, ba aro ba.