Mama Elizabet Ba Ta Sayar da Gida da Rani

Ranar da na fara ganin Mama Elizabet haushinta na ji, kuma ba ƙaramin haushi ba. Yau kuwa idan fasto ya ce kowa ya tuna da wanda ya yi masa alheri ya gode wa Ubangiji dominsa, fuskarta ce ke fara zuwar mini, kafin ta wasu da muka haɗa jini da su.

A lokacin muna haya a Samaru, ni da maigidana Reuben da 'yarmu Ƙauna. Ni malamar firamare ce, shi kuma yana da shagon buga takardu kusa da ƙofar jami'a. Mai gidan hayarmu ya lura ɗalibai sun fi masu iyali kawo riba, sai ya ce mu tashi kafin ruwan farko, zai rarraba ɗakunanmu ya zuba ɗalibai. Dama mun daɗe muna shirin mallakar namu, sai muka ce to, lokaci ya yi.

Abu ɗaya nake nema a gida, wato inda Ƙauna za ta yi numfashi. Tana da asma tun tana goye. Damina ta fi ba ta wahala. Ƙirjinta ya riƙa ƙara kamar ƙaramin usur, ga ta da son waƙa kamar me. A ƙungiyar mawaƙan yara ta coci sai ta kai rabin baiti ta tsaya tana haki, sauran su wuce su bar ta. Likita ya ja mana kunne mu nisanta ta da ɗaki mai danshi.

Wani dillali, Martin, shi ya yi ta yawo da mu a keke napep cikin zafin watan Maris, daga Unguwar Gabas zuwa Hanwa. Duk gidan da ya nuna mana sai ƙyalli yake. Ba abin mamaki ba ne. Mu mutanen coci ba ma shiga Kirsimeti da tsohon bango. Ko miya ba nama, bango sai ya sha fenti, domin 'yan Zumuntar Mata suna bi gida-gida da waƙa, kuma idanunsu sun fi bakinsu aiki. Masu sayar da gida sun san haka. Da rani suke fito da shi kasuwa, fentin bai tsufa ba, ƙasa ta bushe ƙamas.

Gida ɗaya ne bai yi ƙyalli ba, a Hanwa, bayan wata bishiyar gwaiba. Wata tsohuwa siririya tana zaune a tsakar gida tana tsince wake, ko tashi ba ta yi ba.

"Mama, ga baƙi na kawo," in ji Martin. Ya juyo gare ni ya rage murya. "Madam, kar ki duba bangon. Har fenti na kawo mata da hannuna, ta ƙi a buɗe. Ga shi can a lungu."

Gidan ya kwanta mini. Ɗaki biyu a gaba, ɗaya a baya, ga rijiya. Ƙauna ta ruga ɗakin baya ta fito tana tsalle, wai wannan nata ne, don gwaibar a bayansa take. Gudun da ta yi ya sa ta tari. Tsohuwar ta ajiye faifan waken.

"Yarinyan nan mura take yi?"

"Asma ce, Mama."

Ta dubi Ƙauna, ta dube ni. "To. Dama ni ba na sayar da gidan nan da rani. Ku dawo watan Agusta ku gan shi. In kun gani har yanzu kuna so, sai mu yi magana."

Martin ya dafe kai. Ashe mutum nawa ta kora da wannan maganar. Ni kuwa na cika fam. Na ce, "Mama, kafin Agusta a ina za mu kwana? Ƙarƙashin gwaibarki?"

Reuben ya taka mini ƙafa. Ita ko a jikinta. Ta ce, "Bakinki da kaifi, 'yata. Bangon ɗakin baya yana fumfuna, shi ya sa."

"Fumfuna kawai? Ai sai a goge a shafa fenti."

"Haka ni ma na yi ta faɗa," in ji ta. Ta ɗauki faifanta ta ci gaba da tsince wake. Har mun kai ƙofa ta kira ni. "Maman Ƙauna. Ɗaya daga ɗakunan gaba ba kowa. Ku kwaso kayanku ku yi daminan nan da ni. Ba haya nake ba ku ba. Amma yarinyan nan ba za ta kwana ɗakin baya ba."

Haka muka tare gidan da ba mu saya ba, da matar da ba mu sani ba.

Kada wani ya ɗauka zama da Mama Elizabet abu ne mai sauƙi. Tun ranar farko ta ɗanɗana miyar kukata ta tambaye ni ko daddawa ta yi tsada ne a Samaru. Gari na wayewa take fara waƙa, da murya kamar tana kiran wani a ƙetaren rafi. Bokitina ya zama nata. In na shanya kaya sai ta bi ta sake shanyawa, wai ban iya ba. Sau da yawa na shiga ɗaki na ce wa Reuben gara haya. Shi kuwa ya samu uwa, kunun gyaɗa kawai yake sha yana dariya.

A hankali na san ko wace ce. Daga wani ƙauye bayan Zonkwa aka kawo ta Zariya tana amarya. Mijinta, Baba Albert, ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Sabon Gari. Ita kuma ta yi shekaru tana suyar ƙosai a bakin titin Samaru, har akwai manyan mutane masu furfura da ke tsayar da mota su gaishe ta, don da ƙosanta suka yi karatu. Da wannan kaskon da albashin Baba suka ɗora bulo a kan bulo. Ta daɗe tana shugabancin Zumuntar Mata a cocinsu, ita ke ba da waƙa, ita ke buga tulun kiɗa. Baba ya rasu, 'yarta da ke aure a Zonkwa ta matsa mata ta koma kusa da ita. Dalilin sayar da gidan ke nan. Kowane wata 'yar na bugo waya tana faɗa, tsohuwa na cewa sai an ga Agusta.

Da Ƙauna kuwa ba a jin kansu. Ta koya mata buga tulu, ta koya mata inda ake satar numfashi a tsakiyar waƙa ba wanda ya lura.

Ruwa ya sauka. Mayu ya wuce, Yuni ya wuce, bangon ɗakin baya lafiya lau. Na fara yi mata kallon mai ƙarin gishiri. A Yuli wani wari ya fara fitowa, irin na tsumman da aka manta a cikin bokiti. Da Agusta ya kankama, aka yi ta ruwa ba rana, wata Asabar da hantsi ta kira mu ni da Reuben. Ta tura Ƙauna gidan maƙwabta tukuna. Ta ce Reuben ya ja ƙaton kabad ɗin da ke jingine da bango.

Daga ƙasa har ƙirjina bangon ya yi baƙi ƙirin, da tabo-tabon kore, fentin ya kumbura yana ɓarewa. Na sa yatsa, filastar ta burme kamar tuwon da ya kwana. Takalman cocin Reuben da muka ajiye a ɗakin sun yi farin gashi. A nan ne na yi niyyar sa gadon 'yata, kanta daidai wannan bangon.

Mama Elizabet ta zauna a bakin ƙofa. "Ɗakin Albert ne," ta ce. "Ɓarayi sun taɓa shigowa ta tagan nan, sai ya buga mata ƙusa. Da za a yi bikin 'yata na sa aka shafe tsakar gida da siminti don baƙi, tun daga nan ruwa ya koma kwanciya gindin bangon. Kowane Disamba in sa a goge a yi fenti. Ni ce shugaba, mata za su shigo gidana da waƙa su ga baƙin bango? Albert yana tari, ina dafa masa citta. Sai da abu ya yi nisa likita ya tambaye ni, a ina yake kwana?"

Ta goge fuska da bakin zane. "Ban ce bango ne ya kashe shi ba. Ubangiji ne ya san wannan. Amma ni na san abin da na yi ta rufewa. To, kun gani. In kun fasa, ba komai, ku zauna har ku samu wani."

Ni mai bakin nan, ranar kuka kawai na yi, na tsoro da na godiya a haɗe.

Mun yi gardama da Reuben. Ni na ce mu gudu, shi ya ce duk gidajen da Martin ya nuna mana wa ya san abin da ke ƙarƙashin fentinsu? Wannan aƙalla mun ga ciwonsa. Da aka sake yin ruwa muka fita mu uku har da Mama, da lema, muka tsaya muna kallon inda yake bi. Indararon kwano ya karye, yana zubarwa a jikin bango. Simintin tsakar gida ya karkato duk ruwan gidan zuwa wuri guda. Muka kira magini ya duba, ya ce tushen ginin lafiya yake, gyara ne.

Aka fasa simintin gefen bango, aka haƙa kwata har titi, aka sake indararo. Reuben ya zare ƙusoshin tagar ya sa mata ƙarfe da raga. Magini ya ɗaure hanci da baki ya kankare filastar har sai da bulo ya fito, ya ce a bar shi haka ya sha iska da rana, kada a kuskura a rufe shi. Kabad ɗin ya riga ya ruɓe ta baya, aka fitar da shi. Mama Elizabet ta kira matan Zumunta, suka zo da kwanoninsu suna kwashe ɓaraguzai suna waƙa. Matan da ta yi shekaru tana ɓoye wa bangon, ita da kanta ta riƙa jan hannunsu tana cewa su zo su gani. Ranar mata uku suka ce su ma nasu haka yake a bayan kabad.

Bayan ruwa ya ɗauke aka yi ciniki, aka sa hannu. Ta tafi Zonkwa da tulunta da kaskonta. Ta bar mini bokitina, ta bar fentin Martin a lungu, ba a buɗe ba.

Disamba ta zo, hannuna ya riƙa ƙaiƙayi. Maƙwabta duk suna fenti, ni ga ɗaki da bulo tsirara, ga masu waƙa na tafe. Kullum sai na kalli gwangwanin nan. Ban taɓa shi ba. Mata suka zo suka yi waƙarsu, wata ta tambaye ni ko sabon yayi ne. Na ce eh, daga Zonkwa aka kawo shi. Sai da zafin rani ya gasa bangon sosai aka yi masa sabuwar filasta. Fenti kuwa na ce sai na ga Agusta.

Damina ta dawo. Kullum da safe sai na shiga na shinshina, na dafa bango, na buɗe taga. Yuli ya wuce ba wari, ba tabo. Sannan muka shigar da gadon Ƙauna, nesa kaɗan da bango. Ba zan ce ta warke ba. Har yau abin shaƙarta yana cikin jakar makaranta. Amma usur ɗin ƙirjin nan ya yi sauƙi ƙwarai.

Wata ranar Agusta da yamma, ana yayyafi, na ji keke napep ya tsaya a ƙofa. Mama Elizabet ce, da leda a kai, ba ta ko bugo waya ba. Na rungume ta ina "Sannu da zuwa, Mama," ta ce gaisuwa ta jira. Ta wuce ni kai tsaye zuwa ɗakin baya.

Ƙauna na ciki, ta juya baya tana kallon gwaiba ta taga, tana bitar waƙar da za su yi ranar Lahadi. Mama ta ɗaga mini hannu kada in yi magana. Ta lallaɓa ta dafa bangon da tafin hannu, can ƙasa inda baƙin ya fi yawa a da. Ta bar hannun a wurin. Ƙauna ta kai rabin baiti, inda ta saba tsayawa, ta wuce. Ta kai ƙarshe, ta kama na biyu.

Tsohuwar ba ta dube ni ba. Hannunta na kan bango, hawaye na bin kumatunta, ta ce a hankali, "Albert, ka ji? Ya bushe."