Ƙwan Katako

Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa a kan wannan magana. Karatuna bai wuce elementare ba, kuma ina gudun a ce tsoho ya rasa abin faɗa sai zancen kaji. Amma abin ya ƙi barina in huta.

Kafin mulkin kai, zamanin da ake jibge dalar gyaɗa a Kano, ina aikin masinja a wani kanti, ina zaune a gidanmu na Fagge. Inna ta rasu da damina, ta bar ni ni kaɗai da kaji uku da zakara. Ban yi aure ba tukuna. In na dawo daga aiki babu mai amsa sallamata, sai kajin su taso su kewaye ni. Maƙwabta suka ce in yanka ko in sayar, wai kiwon kaji ba na namiji ba ne. Na kasa.

Akurkin ƙasa da Inna ta gina ya cika da ƙuma, hannu kuma ba ya kaiwa ƙuryarsa. Kafin kaka kaji biyu sun mutu, saura wata wake-wake wadda Inna ta fi so. Na san in ta tafi ba ta ƙyanƙyashe ba, irin kajin Inna ya ƙare a hannuna.

Wani abokin aiki ya kwatanta mini wani kafinta Ibo a Sabon Gari. Na same shi a rumfarsa yana goge katako yana rera waƙar cocinsu ƙasa-ƙasa. Da na gaya masa akurki nake nema, ya ɗauko akwatin da ake kawo garwar kananzir a ciki, ya yanke gabansa, ya yi masa gindi mai zarewa kamar aljihun tebur, yadda za a jawo a kakkaɓe a mayar. Abu mai araha, kuma kafin la'asar ya gama.

Ni kuwa mutum ne mai wasuwasi. Ko ƙofa na kulle sai na dawo sau biyu na taɓa kwaɗon. Kullum da safe sai in zare gindin akwatin, in wanke da sabulu, in shanya, in zuba sabon ƙaiƙayi. Ƙwan da kazar ta yi kuma in ɗauke in adana a ƙwarya don kada ya ɓaci. Sau biyu ta shiga, ba ta ƙara ba. Ta koma yin ƙwai a wani lungu bayan katanga, inda gafiya ke shanyewa.

Na ɗauki akwatin a ka na koma Sabon Gari, ina ta shirya yadda zan ce aikin bai yi ba ba tare da na ɓata masa rai ba. Ya saurare ni, ya sansana akwatin, sai ya yi dariya har ya dafa benci.

"Malam, asibiti ka buɗe mata? Ko ni ake wanke wa gado kullum ana ɗauke mini ɗa, ai barin gidan zan yi."

Ya ce a garinsu uwarsa ba ta taɓa kwashe ƙwai duka ba, sai ta bar ɗaya, don kaza ta san wurin nata ne. Nan take na tuna wani ƙwai mai zanen gawayi da na tarar a akurkin Inna bayan rasuwarta. Na zaci mantawa ta yi da shi saboda ciwo, na jefar. Shekara da shekaru ina gidan, ban taɓa tambayarta yadda take yi ba.

Ina jin ya ga fuskata ta sauya, don bai ƙara tsokanata ba. Ya ɗauki guntun katako ya sassaƙa ƙwai, ya goge, ya shafa masa farar ƙasa. Ya ce in sa a ciki, in barbaɗa toka, kada in taɓa sai mako-mako. Ya juye gyaɗa soyayyiya a kan benci muka ci tare. Rabona da sa hannu a abinci da wani tun sadakar arba'in ta Inna. Da zan tafi ya ce, "In ta ƙyanƙyashe, ka zo ka gaya mini, Malam. Kada ka zo da sabulu."

Kazar ta koma akwatin, ta yi kwanci, ta fito da 'yan tsaki bakwai. Ban je ba. Na ga bai kamata in je hannu rabbana ba, ɗan tsako kuma bai isa kyauta ba. Na ce bari su girma. Da suka girma na shiga tunanin zakara ya fi dacewa ko sagara. Sai na ce in jira Kirsimeti, lokacin bikinsu. Ranar da na je da zakara a hammata, mai gyaran keke na tarar a rumfar. Ya ce kafintan ya tashi tun wata biyu da suka wuce. Wasu suka ce Jos ya koma, wasu suka ce garinsu. Suka tambaye ni sunansa, sai a lokacin na gane ban san shi ba. Kafinta nake ce masa, shi kuma Malam yake ce mini. Na juyo Fagge da zakarana.

Daga baya na yi aure, kajin suka cika gida, jikokina har yau suna cin ƙwan zuriyar wake-waken nan. Ƙwan katakon yana cikin akwatin tufafina, farar ƙasar duk ta goge.

Ina roƙon duk wanda ya zauna a Sabon Gari a wancan zamani, ko ya ji daga iyayensa: dogo ne, farcen babban yatsansa na hagu a tsage yake, yana yi wa mutane akwatin kaji mai gindi mai zarewa. In kun san shi, ko kun san 'ya'yansa, ku taimaka ku sanar da ni. So nake in gaya musu ta ƙyanƙyashe.