Baƙon da Ya Ba 'Yar Tsana Haƙuri

A bikin wasan 'yan tsana na ƙasashen duniya da ake yi a Abuja, idona ya ƙi barin wani gajeren mutum ɗan Japan. Baƙaƙen kaya ne a jikinsa har da mayafi a fuska. Yana durƙushe a bakin dandamali, 'yar tsanarsa mai tsayin yarinya tana kwance a gefensa.

Alhaji Nababa, wani dattijo mai shagon atamfa a Wuse, ya matsa ya miƙa masa hannu biyu. "Sannu da zuwa, oga. Ya hanya?"

Ko motsi mutumin bai yi ba. Hannun Alhaji yana nan a miƙe. Wata ma'aikaciyar bikin ta raɗa mana cewa a al'adar mutanen Japan, mai wasan da ya sa baƙaƙen kayan nan tamkar ba ya wurin ne.

"Ba ya wurin?" in ji Alhaji. "Ga shi ina kallonsa!"

Ya juya a fusace, ya tsallake 'yar tsanar.

Sai mutumin ya yi wata ƙara, ya yaye mayafin. Ashe tsoho ne tukuf. Ya sunkuya har ƙasa yana yi wa 'yar tsanar magana a hankali, da muryar mai ba da haƙuri, yana shafa gashinta. Wataƙila gadon malaminsa ce. Wataƙila ita kaɗai ta rage masa.

Alhaji ya riƙe baki. Tsohon ya ɗago ya zuba masa ido. Kowannensu ya gama yarda bai taɓa ganin marar tarbiyya irin wannan ba.