Ƙurajen Kawu Sylvanus

Kawu Sylvanus, yayan mahaifiyata, ya shekara talatin yana gyaran famfo a Narayi. Na gidansa ne kaɗai bai taɓa gyarawa ba. Abin alfaharinsa a duniya wasu ƙananan ƙuraje ne da suka zagaye masa hanci. Wai kakanmu ma haka yake, don haka su ne hatimin gida. A taron dangi har tabarau yake sawa yana duba fuskoki, mai ƙuraje shi ke samun cinyar kaza. Ni wuya nake ci.

Wata Talata yana ƙarƙashin tankin ruwa a Gonin Gora, ciwo ya soke shi a kwiɓi, ya yi fitsarin jini. A asibiti hoto ya nuna tsiro a ƙodarsa yana zubar da jini. Likita ta ƙare wa hancinsa kallo, ta ce ƙurajen da tsiron duk cuta ɗaya ce, kuma ta gado.

"Za mu zura siririn bututu ta jijiyar cinyarka, mu toshe hanyar da ke kai wa tsiron jini," in ji ta.

"'Yata, wa ya koya miki aikin famfo? Kin kashe babban layi tukuna?"

"Baba, in na kashe babban layinka, sai dai a kira fasto."

Aka yi aiki, jini ya tsaya.

Da likita ta ce duk dangi su zo a duba su, sai hatimi ya rasa mai shi. Anti Larai ta rantse nata zafin murhu ne. Phoebe, 'yar Kawu, ta shafe nata da hoda, ta ce ba inda za ta, bikinta saura wata biyu, kada dangin ango su ji su fasa.

Kawu bai yi mata faɗa ba. Ya hau keke yana ɗingishi, sai Rido gidan surukan, ya zayyana musu komai, har da zanen bututu a ƙasa. Uwar ango ta ce, "To a duba ta mana! Mu mai rai muke son aura."

Aka tarar da ƙaramin tsiro a ƙodar Phoebe, bai kai ga fashewa ba. Yanzu lokaci-lokaci tana zuwa hoto, ango na riƙe mata jaka. Sai da ta yi wata guda ba ta gai da Kawu ba.