Yadda Na Sayar da Iska a Kasuwar Hunkuyi

Ba na jin zan manta da wata Laraba a kasuwar Makarfi, shekara biyu ko uku bayan samun 'yancin kai, ranar da na tsaya gaban jama'a na ce ban san abin da na karanta musu ba. Tunda kun ce in ba ku labarin aikinmu na da, bari in fara da wannan.

A lokacin ni ƙaramin malamin wayar da kai ne, muƙami mafi ƙanƙanta a ofishinmu in ka cire masinja. Kowane mako takardar labarai takan zo mini daga Zariya da Turanci. In juya ta zuwa Hausa, in ɗaura lasifika a keke, in bi kasuwannin Ikara da Makarfi da Hunkuyi ina karantawa. Ƙarshen wata in rubuta rahoton abin da mutane suka ce, in aika wa shugabanmu, Malam Shehu.

Wani mako labari ya zo cewa ana muhawara kan wani abu da ke fitowa tare da man fetur a rijiyoyin Kudu, wai ko a nemi hanyar sayar da shi ƙasashen waje. Yau kowa ya san iskar gas, har a kicin ɗinku akwai ta. A wancan zamani ban taɓa ganinta ba. Na duba ƙamus, ya ce abu ne mai kama da iska. Ba wanda zan tambaya, kuma gobe kasuwa. Sai na rubuta: “Gwamnati na shawarar sayar da iskar ƙasar nan ga Turawa.” Haka na karanta a Hunkuyi, da ƙarfi, sau biyu.

Kafin mako ya zagayo magana ta kai har ƙauyen Taba. Wasu suka ce za a sa wa numfashi haraji. Wasu suka ce in aka kwashe iskar gabas, me zai koro hadari? Wannan ta fi tayar da hankalin manoma, don ana gab da shuka. 'Yan jam'iyyar adawa suka sa abin a waƙa. Dagatai biyu suka aika wa hakimi, hakimi ya aika Zariya, Malam Shehu ya kira ni.

“Malam Yusha'u, wa ya ce ka sayar da iska?”

“Ranka ya daɗe, ƙamus ne.”

Bai yi dariya ba. Ya ce Malam Jibo Sarkin Zance na gidan rediyo ya ji labarin, zai zo Makarfi ya ɗauki muhawara a kai. “Kai za ka raka shi. In maganar nan ba ta kwanta ba, ba ni da abin da zan kare ka da shi.” Na gane nufinsa. Wata huɗu ke nan da aurena.

Ku yaran yanzu ba ku san Malam Jibo ba. In shirinsa ya zo, teburin mai shayin da ke da rediyo ba ya da masaka tsinke. Ni na zaci zan ga ƙato. Sai ga ɗan siririn mutum ya sauko daga mota, rungume da rikoda mai faifai biyu kamar jariri. Ya gaisa da kowa, har da masu dako, kuma duk wanda ya gaisar sai ya tambaye shi wani abu: nawa ake yanka rake a yini, me ya sa albasar bana ƙanana ce.

Aka shimfiɗa tabarmi a gindin wata ɗorawa, bakin layin 'yan mazarƙwaila. Alhaji Garba, mai awon gyaɗa, ya tsaya wa jam'iyyar gwamnati. Malam Idi tela ya tsaya wa 'yan adawa. Alhaji ya ce a sayar, a samo kuɗin hanya da asibiti. Malam Idi ya ce an kwashe gyaɗa, an kwashe auduga, yanzu an zo kan iska, gobe kuma sai ruwan rijiya. Magoya baya suka fara ihu, har na ga ɗan doka ya gyara riƙon kulkinsa.

Malam Jibo ya ɗaga hannu. “Alhaji, abin nan da kake so a sayar, wane launi gare shi?”

Alhaji ya gyara hula. “To, ban dai gan shi da idona ba.”

“Malam Idi, kai da ka hana, a buhu ake zuba shi ko a tulu?”

Malam Idi ya ce wannan sai a tambayi wanda ya kawo labarin. Sai kawai Malam Jibo ya juyo da makirufo bakina.

Na ga faifan yana juyawa. Ina iya kawo dogon Turanci in rufe bakin kowa, don ba mai kama ni a wurin. Amma shi yana kallona kamar da gaske yake son ya sani. Na ce, “Jama'a, ni na fassara, kuma ban san ko mene ne ba. Na ga kalma, na sa wadda ta fi kusa.”

Sai wani ya fashe da dariya, kasuwa ta ɗauka. Ni kuwa gumi har cikin takalmi.

“Madalla,” in ji Malam Jibo. “Mu huɗu ke nan ba mu sani ba. Akwai wanda ya taɓa gani?”

Wani mai gyaran keke ya matso yana goge hannu. Sunansa Bitrus, mutumin kudancin Zazzau ne, ya yi shekara biyu yana aikin sharar daji a wajen masu haƙar mai. Ya ce ba iskar da muke shaƙa ba ce. Daga ƙarƙashin ƙasa take fitowa, kuma tana kama wuta. “Akwai wani dogon bututu, wuta na ci a bakinsa ba dare ba rana, ko ana ruwan sama. Ƙone ta suke yi don ba su da inda za su sa ta.”

Ba a yarda ba, sai ya koma rumfarsa ya ɗauko fitila irin ta maharba. Ya sa wani farin dutse a cikinta, ya ɗiga ruwa, ya ce kowa ya saurara. Muka ji tana huci, ba a ganin komai. Ya ƙyasta ashana, sai ga harshen wuta fari tas a tsakar rana. Ya ce ba ita ba ce, amma 'yar'uwarta ce. Alhaji Garba da Malam Idi suka durƙusa kafaɗa da kafaɗa suna leƙe, kowa ya manta da jam'iyyarsa.

Daga nan muhawarar ta fita hannunsu. Wani dattijo mai mazarƙwaila, Baba Audu, wanda hayaƙin murhu ya jajanta wa ido, ya ce a ba shi abin maganar.

“Ɗana, wannan wutar tana dafa ruwan rake?”

Bitrus ya ce har ƙarfe za ta narkar.

“To ina da tambaya uku. In an sayar, tana ƙarewa ko tana tsirowa kamar rake? Mutanen da wutar ke ci a bayan gidansu, an tambaye su? Kuma in har za a iya kai ta ƙasar Turawa, Makarfi ta fi can nisa ne?”

Alhaji ya ce a fara sayarwa, da kuɗin a jawo ta nan. Malam Idi ya ce a fara jawo ta, in ta yi saura a sayar. Karon farko ke nan da na ji suna gardama a kan abu guda. Malam Jibo ya bar faifai yana ɗauka har ya ƙare.

A hanyarmu ta komawa mota na roƙe shi ya yanke wurin da na yi magana. Ya ce, “Malam, in na cire naka, na Bitrus ba shi da ƙofar shiga. Ka bar shi.” Haka aka sa shi, duk lardi ya ji. Malam Shehu ya rubuto mini gargaɗi, na farko kuma na ƙarshe a fayil ɗina, amma bai kore ni ba. A ƙasan takardar ya ƙara da hannunsa cewa in aiko da tambayoyin dattijon nan. Na aika, shi ma ya tura gaba.

Bayan wata biyu na koma layin 'yan mazarƙwaila na ce wa Baba Audu har yanzu amsa ba ta zo ba. Ya ɓantaro mini mazarƙwaila mai ɗumi ya ce, “Ba komai. Ka dai zo ka faɗa. Wata Larabar ka sake tambayo mana.”

Na yi shekara talatin da ɗaya a aikin nan. Abin da na riƙe shi ne, mutanenmu ba sa fushi da ma'aikacin da ya ce bai sani ba. Wanda ba sa yafe wa shi ne wanda ya karɓi tambayarsu ya tafi, bai dawo ba.