Mai Katako a Jirgin Iskandariyya

Wata mata tana zaune kusa da ni a jirgin ƙasa mai zuwa Iskandariyya, kanta ya soma furfura. A cinyarta akwai katako mai zanen baƙi da fari, yatsunta suna gudu a kai, ba sauti.

Na ce, "Baiwar Allah, in wanki za ki yi, bari mu sauka. Kwandona na neman wuri."

Aka yi dariya. Ta tura katakon ƙarƙashin kujera.

"Yi haƙuri, Baba. Yau zan kaɗa fiyano gaban jama'a, shi ne nake gwajin kiɗan a kan katakon. Rabona da yi shekara tara, tun da hannun nan ya shanye."

Hannun hagunta yana rawa. Ƙila sai a kan katakon yake mata biyayya.

Na ɗauke kwandona na rungume don in ba ta wuri, amma har muka iso ba ta sake ɗauko katakon ba.