Lambar Tana Wayar Malama

A kan teburin cin abinci aka yi faɗan da ƙanena Auta ya sha kaye. Shi kafinta ne, shi ya ƙera teburin da hannunsa, matarsa Malama kuwa ta ce yana rawa. Ya ce ba teburin ba ne, daɓen falon ne bai daidaita ba. Ta ja teburin zuwa ɗakin kwana, ya yi rawa. Ta kai shi kicin, ya yi rawa. Auta ya ce to gidan ne gaba ɗaya a karkace, kuma tunda an raina sana'arsa, ba zai sake yi mata magana ba sai ta ba shi haƙuri.

Ni na goya shi, na san halinsa. Tun yana rarrafe ba a taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. In ƙusa ta lanƙwashe, ƙarfen zamani ne ba ƙwari. Ita ma Malama ba baya ba ce wajen taurin kai, mai iya tsare aji cike da yara da ido kawai.

Abin da Auta ya manta shi ne shafinsa na intanet. Yana da shafi da yake zuba hotunan gadaje da kujeru, wani kamfani ne ke ba shi hayar wurin, kamar yadda ake hayar shago a bakin titi. Lokacin da ya buɗe, wayarsa ta faɗa cikin bokitin fenti, sai ya ba su lambar Malama. Tun daga nan, duk sanda zai shiga asusunsa, kamfanin sai ya aiko da wasu lambobi ta saƙo, ba kuma wayarsa suke zuwa ba.

Ana cikin gabar sai wani mai otal ya kira, yana son ganin sababbin gadaje a shafin kafin ya ba da aiki. Auta ya zauna a shago, garin katako har gira, ya danna shiga, aka ce an aika lamba. Ya zo wurina yana sosa ƙeya.

"Yaya, don Allah ki karɓo mini wani saƙo a wayarta."

Na je, don ba na ƙin kallo. Malama tana duba littattafan yara, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Yaya, mai shafi yana da baki."

Kafin in dawo da amsa lambar ta mutu, don ba ta daɗewa. Ya sake nema, ta sake mutuwa. Daga ƙarshe ya taka da ƙafarsa ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon silin.

"Malama, akwai saƙo."

"Akwai. Lambar farko bakwai. Teburin fa?"

"Daɓen ne."

"To sauran ma suna cikin daɓen."

Haka ta riƙa ba shi lamba ɗaya-ɗaya, har ya amsa cewa wataƙila ƙafa guda ta ɗan gaza 'yan'uwanta. Ya samu aikin otal ɗin, teburi kuma ya daina rawa.

Kada a ce na ci zarafinsa, Auta gwani ne. Gadon da ya yi mini, jikokina sun yi tsalle a kai har sun girma bai ko yi ƙara ba. Harkar shafin ce dai ta gagare shi. Kalmar sirri ba ta kwana a kansa, kullum sai ya nemi sabuwa. Da kamfanin ya ce wurinsa ya cika, sai ya goge hotunan manyan kabad ya bar na ƙananan kujeru, wai su ne ba su da nauyi. In ya kira masu taimakon kwastoma kuwa, sai ya tambayi lafiyar iyalinsu kaf kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Kuma duk wannan sai an bi ta wayar Malama. Tana tsakiyar darasi za ta ji jaka tana kuka.

Na lura da wani abu kuma. Duk sanda suka ɓata, ba a daɗewa sai Auta ya tuna akwai hoton da ya kamata ya canza.

Kwanan baya Malama ta gaji. Ina zaune ta ajiye masa kwamfuta a gaba, ta buɗe inda ake sauya lambar waya. Ta ce shugaban makaranta ya yi mata magana, yau sai Auta ya sa tasa lambar. Na sa baki, na ce gemu ya yi fari amma har yanzu mabuɗin shagonsa na jakar wata, abin kunya. Ya ce lambarsa ba ta da sabis mai kyau. Ta ce ƙarya ne. Ya ce kamfanin ba ya son canje-canje. Na ce ƙarya ta biyu.

Ya dube ta, ya dube ni, ya rufe kwamfutar a hankali.

"To in na canza, ranar da muka yi faɗa wa zai fara magana? Ke ba ki iya ba, ni ban iya ba. A gidan nan kamfani kaɗai ya iya."